Likitan Iyali: Gatan Masu Hali Ne Kaɗai?

A watan jiya maigadin layinmu ya yanke jiki ya faɗi da asuba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Sai a asibiti aka gano ya daɗe yana fama da hawan jini bai sani ba, domin duk sa'ad da kansa ya sara, kemis yake zuwa ya sayi maganin ciwon kai. Ni ma ina da wannan ciwo, amma ina da likitan da ya san tarihina da na iyalina, shi yake tuna mini ranar awo.

Amfanin likitan iyali ke nan: ya san ka tun kana lafiya, ya hango cuta kafin ta kwantar da kai. Amma a ƙasarmu hanya uku ce ke kai mutum gare shi: kuɗi, aikin albashi, ko sanayya. Da aka ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa a 2005, da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara. Ma'aikaci ya zaɓi asibitinsa, ana biya masa duk wata, ko ya je ko bai je ba. Manomi da ɗan tireda da mai wankau kuwa daga aljihunsu suke biya, kuma wanda yake neman na cefane ba zai biya kuɗin ganin likita alhali yana iya tsayuwa da ƙafarsa ba.

Mu ’yan boko ma da namu laifin. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya: waya ɗaya ga abokin makaranta ta ishe mu tsallake layin da talaka ya kama tun da duku-duku. Shi ya sa lalacewar asibitin shakatafi ba ta hana mu barci.

Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta tanadi asusun marasa galihu. Wajibi ne mu tambayi gwamnoninmu: mutum nawa aka yi wa rajista a ƙaramar hukumarmu?

Kafin su amsa, kowannenmu ya yi wa direbansa da maigadinsa rajista. Ni ban yi ba sai da aka makara. Allah Ya ba shi lafiya, mu kuma Ya yafe mana.