Jaje Ba Ya Kashe Wuta

Ni ɗan Maruda ne, a ƙasar Gwandu, kuma gobarar farko da na gani da idona cikin hunturu ta faru, bayan an gama zuba gero a rumbu. Wuta ta tashi daga madafin wani gida, iska ta kwashe ta ta jefa kan darni, kafin ka ce kwabo ta haye rumbuna uku. Maza suna ta jan guga, mata suna miƙo ruwa a tulu da ƙwarya, mu yara muna watsa ƙasa. Ba wanda ya ce a kira 'yan kwana-kwana. Ba mantuwa aka yi ba, kowa ya san kafin mota ta iso daga birni toka za ta tarar. Noman shekara guda ya tafi tsakanin azahar da la'asar.

To, 'yan'uwa ɗalibai, shi ya sa raina ke ɓaci duk sa'ad da na ji an ce manya sun tafi jaje. A watan Maris na 2016 babbar kasuwar Birnin Kebbi ta ƙone, a daidai lokacin da ta Sabon Garin Kano ta ci wuta. A Janairun 2021 sai ta Sakkwato, bayan wata biyu ta Katsina. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu cikin gobarar dare a Ƙauran Namoda. Kowane karo tsarin ɗaya ne: jerin gwanon motoci, a tsaya bisa gawayi a ɗauki hoto, a yi alkawarin gudummawa, a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, ba mu musu. Amma ai an hore mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Gwamnatin Tarayya tana da dokar kashe gobara tun 1963, amma nauyin kare talakan ƙauye yana wuyan jiha. Jihar Kebbi kuwa, da aka cire daga Sakkwato a 1991, ƙananan hukumomi 21 gare ta. Abin da nake nema daga Majalisar Dokokinta shi ne doka mai haƙora, wadda za ta fayyace abin da ake kira ofishin kwana-kwana. Gini da jan fenti da allo a ƙofa ba su isa ba. Motar kashe gobara cikin 'yan mintoci take amayar da ruwan cikinta, in babu inda za ta sake sha nan kusa, ta zama 'yar kallo mai jiniya. Saboda haka doka ta ce ba a buɗe ofishi sai da rijiyar burtsatse da tanki nasa na kansa, da mai a cikin mota, da direba mai kwana a wurin. A ba ma'aikaci rigar da wuta ba ta ci da abin shaƙar iska, domin shi ma ɗan wani ne. Kuɗin kuma a ware su cikin kasafi, a riƙa sakinsu wata-wata, shugaban hukumar ya zo gaban Majalisa kowace shekara ya faɗi abin da ya karɓa da inda ya sa shi.

Na san za a ce babu kuɗi. Wai shin na jajen daga ina suke fitowa? Za a kuma ce ba kowane ƙauye zai sami ofishi ba. Na yarda, ban ce a gina wa Maruda ba. Amma Gwandu da Kalgo hedkwata ce kowace, kuma Kalgo ga jami'ar tarayya da ɗakunan kwanan ɗalibai a gefenta. A tsayar da waɗannan biyu da ƙafafunsu, ƙauyuka kuma a ba su ɗan injin feshi da tanki bisa amalanke, a koya wa samari goma yadda ake sarrafa shi.

In kun je gida hutun nan, ku nemi ɗan majalisarku, ku gaishe shi da ladabi, sa'an nan ku tambaye shi nawa aka sakar wa 'yan kwana-kwana bara. Ni ma zan tambayi namu, kuma amsar da ya ba ni zan kawo ta cikin wannan mujalla.