Ra'ayinmu: Wayar Hannunka Alƙalami Ce, Ka Kula da Abin da Kake Rubutawa

 

Babu shakka ba a taɓa yin wani zamani da matasan ƙasar nan suka yi rubutu da yawa kamar wannan zamani ba. Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, yaron da a da sai a yi shekara bai rubuta wasiƙa ɗaya ba, yau yana rubuta saƙonni fiye da a ƙirga tsakanin asuba da isha'i. Sai dai yawan rubutu daban, kyawun rubutu daban. Malaman jami'o'i masu nazarin harshe sun daɗe suna tattara rubuce-rubucen ɗalibai, na takarda da na waya, suna feɗe su don su ga yadda ake gina jimla da yadda ake kafa hujja. Wannan aiki ya shafe mu kai tsaye, domin matasan wannan gwagwarmaya, mafi yawansu ɗalibai ne, kuma su ne ke ɗauke da kiranmu a waɗannan kafafe.

Bari mu fara da inda cutar ta samo asali. Saƙon tes na farko ba ya ɗaukar fiye da haruffa 160, kuma kowane saƙo da kuɗinsa. Talaka kuwa dole ya yi tattali, sai aka shiga datse kalmomi: sallama ta koma "slm", lafiya ta koma "lfy", na gode ta koma "ngd", yaya kake ta koma "ykk". To, yau wannan uzuri ya kau. Tun da WhatsApp ya fito a 2009, mutum na iya rubuta shafi guda ba tare da an ƙara masa kwabo a kan harafi ba. Amma ɗabi'ar ta zauna daram, har ta bi ɗalibai cikin ɗakin jarrabawa, inda masu gyaran takardu suke kuka da ganin rubutun waya a cikin insha'i.

Adalci ya sa mu faɗi cewa ba dukkan masana ne suka ɗora wa datse kalma laifi ba. Wani masanin harshe ɗan Birtaniya, David Crystal, ya wallafa littafi a 2008 inda ya kafa hujja cewa wanda ya iya datse kalma, to ya san cikakkiyarta, don haka tes ba ya lalata rubutun yara. Mai yiwuwa haka ne a Ingila, inda yaro ke shafe shekaru ana koya masa ƙa'idojin rubutun harshen uwarsa. Mu a nan fa? Tsarin ilimin da 'yan mulkin mallaka suka bar mana ya mayar da Hausa 'yar bora a makaranta, Turancin kuma ba a koyar da shi yadda ya kamata. Sai ga matashi yana datse abin da bai taɓa sanin cikakkensa ba. Bai tsira da Hausa ba, bai kama Turanci ba, Larabci kuwa sai 'yan kalmomin da yake ji a bakin malamai.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, kuma da su jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ta yi wa jama'a magana. Lanƙwasar nan ita ce ke raba kura da ƙura, kaya da ƙaya, fada da faɗa. Wanda ya rubuta "ya bata" ya bar mai karatu cikin duhu: ya ba ta ne, ko ya ɓata? Wasu ma sun ƙirƙiro nasu, suna sa x a gurbin z, suna rubuta "xan xo". Alhali kuwa manyan wayoyin yau suna da allon rubutun Hausa, sai dai mutum ya ƙi sa shi.

Mafi ciwo shi ne yadda datsewar ta kai ga abubuwan ibada. Sallama addu'a ce mai lada, ta ƙaƙa za a mayar da ita baƙaƙe uku marasa wasali? Babban malamin Hadisi Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan Hijira, ya gargaɗi marubuta a cikin Muƙaddimarsa da kada su taƙaita salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da 'yan haruffa. Ya faɗi haka ne a lokacin da ake fiƙe alƙalami da wuƙa, ana dama tawada da hannu. Ina uzurin wanda wayarsa ke ƙarasa masa kalma tun kafin ya gama bugawa?

Duk da haka, 'yan'uwa, matsalar harafi ba ta kai matsalar hujja ba. Masu nazarin zance ba haruffa kaɗai suke dubawa ba. Suna duba wa ake wa magana, da wane lafazi, kuma me aka kafa a matsayin dalili. Duk wanda ya leƙa muhawarar addini a Facebook ko TikTok zai ga salo guda yana maimaituwa: a yanko rabin maganar malami, a liƙa wa mai ita suna, a rufe da zagi. Ba tambaya, ba ambaton littafi, ba sauraren amsa. Kafafen kansu suna ingiza wannan, domin abin da ya tayar da hankali shi ya fi jan jama'a, jama'ar kuwa su ake sayar wa masu talla. Wani bincike da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a 2018, bayan sun bi sawun labarai kusan 126,000 a Twitter, ya nuna cewa labarin gaskiya yakan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da na ƙarya ke ɗauka kafin ya isa ga mutum 1,500. Mu kuwa Alƙur'ani ya riga ya umarce mu a Suratul Hujurat da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun yi jihadi da alƙalami kafin takobi da bayansa, da Larabci da Fulatanci da Hausar ajami. Lokacin da Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Borno ya rubuto yana ƙalubalantar jihadin da kakkausan lafazi, Bello ya ba shi amsa da hujja, sannan ya adana wasiƙun abokin jayayyar tasa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, har yau ana karanta ɓangarorin biyu. Wanda ya yarda da gaskiyarsa ba ya tsoron kawo maganar abokin hamayya cikakkiya.

Sannan ku tuna, abin da aka rubuta ba ya mutuwa. Ko ka goge, wani ya riga ya ɗauki hotonsa. Nijeriya na da dokar laifukan intanet tun 2015, an kuma yi mata gyara a 2024, kuma an sha kama mutane saboda rubutunsu. Maƙiya wannan kira ba sa bukatar su ƙaga mana ƙarya idan ɗayanmu ya rubuta musu ashar da hannunsa. Kafin jami'an tsaro ma, akwai mai tsaron da Suratu Ƙaf ta ba mu labari, wanda babu lafazin da ke kuɓuce masa.

Saboda haka muna kira ga matasa da su ɗauki wannan a matsayin ɓangare na tarbiyya. Kowa ya sa allon Hausa a wayarsa yau, ba gobe ba. A rubuta sallama da salati cikakku. Kada a tura labarin da ba a san tushensa ba, ko da ya yi mana daɗi. Idan za a yi raddi, a kawo maganar mutum yadda ya faɗe ta, a ambaci littafi da shafi, a bar mutuncinsa. Ɗalibanmu da ke sassan nazarin harsuna su buɗe azuzuwan ƙa'idojin rubutu a unguwanni da makarantun Islamiyya, ko da awa ɗaya ne a mako. Kuma kowa ya lazimci karanta littafi, domin hannu ba ya zubo abin da ido bai tara ba.

Allah Ya rantse da alƙalami a cikin Littafinsa. Muna roƙon Sa Ya sa abin da yatsunmu suka rubuta ya zama hujja gare mu ranar gobe, ba hujja a kanmu ba.