SHARHI: Mutuwar Inbata Da Asarar Jarin 'Yan Kasuwa A Gombe

Idan ba a manta ba, a watan Afrilun 2024 maɓarnata sun lalata wasu turakun babban layin wutar lantarki da ya taso daga Jos zuwa Gombe, abin da ya jefa birnin cikin duhu na makonni. Wannan ya auku ne ƙasa da shekara guda bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya sa ciyar da janareto ya gagari ƙananan 'yan kasuwa. Saboda haka masu kantin magani da masu sayar da ruwan sanyi da masu cajin waya a unguwanni irin su Arawa suka rungumi sola, suka zuba jari a faranti da batir da inbata, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin wadda firji da fanka ke aiki da ita.

Sai dai kuma inbata tana cikin kayan da suka fi yawan lalacewa. Idan ta ƙone, abin da aka saba shi ne mai gyara ya buɗe ta, ya ga taransistocin da suka yi baƙi, ya canza su, ya karɓi kuɗinsa. Bayan 'yan makonni sai ta sake ƙonewa, domin an kashe maciji ba a sare kansa ba. Sau da yawa taransisto ba shi ne mai laifi ba. Shi ne dai ɓarnar ta ƙare a kansa.

Babban abokin gabar wannan na'ura shi ne zafi. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa kafasitocin da ke cikinta suna rasa kusan rabin kwanansu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. A Gombe kuwa zafin Maris da Afrilu yakan kai digiri 40, balle a shagon kwano marar taga, bayan ƙurar hunturu ta riga ta toshe fankar da ke sanyaya na'urar. Har ila yau akwai lodin da ya wuce kima, tun da firji yakan ja wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin da yake tashi. Ga siririyar waya da kan batir da ba a ɗaure tamau ba, ga wutar kamfani da kan dawo da ƙarfi fiye da ƙa'ida, ga kuma tsawa da damina a inda ba a binne wayar kariya a ƙasa ba.

Wasu za su ɗora laifin a kan jabun kaya, kuma babu shakka Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya tana da jan aiki a nan. Amma ko na'ura mai inganci ba za ta yi ƙarko ba idan aka kafa ta ba bisa ƙa'ida ba. Tun da akasarin kayan daga waje ake shigo da su, kuma darajar naira ta faɗi ƙwarai tun daga Yunin 2023, kowane gyara na banza jari ne ke zurarewa, ban da maganin da ya lalace da cinikin da aka rasa. Ainihin tsadar inbata ita ce kuɗin sayenta da na gyaranta, a raba su da shekarun da ta yi aiki.

A nan ne tsarin biyan masu gyara yake buƙatar sauyi. Muddin ladan mai gyara yana cikin kayan da ya canza, ba shi da dalilin ɓata lokaci wajen bincike. Ya kamata ɗan kasuwa ya biya kuɗin bincike daban, ya nemi a auna lodi da batir da wayoyi, a rubuta masa musabbabin lalacewar, a kuma ba shi garanti a rubuce. Haka nan ya dace Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke Gombe ta shirya wa masu gyara gajerun kwasa-kwasai na gano cutar waɗannan na'urori. Idan ba haka ba, kuɗin da aka tsere wa biya a gidan mai zai ƙare a teburin mai gyara.