Babban Rumbu, Ƙaramar Ƙofa: Ruɗin Ƙona Kitse a Gasar Ironman

Gasar Ironman iyo ce na kilomita 3.8, da tseren keke na kilomita 180, da gudun fanfalaki na kilomita 42.2, duk a yini guda. Shekaru ke nan wasu masu horarwa suna yi wa 'yan wannan wasa huɗubar su ƙaurace wa shinkafa da burodi da sukari, su koma ga nama da ƙwai da man shanu, har jiki ya saba da ƙona kitse. Hujjarsu tana da daɗin ji. Sukarin da tsoka da hanta ke ajiyewa bai wuce kalori 2,000 ba, ga shi ko siririn ɗan wasa yana ɗauke da dubun-dubatar kalori na kitse. Me zai sa mai babban rumbu ya dogara da 'yar jaka?

Abin da ba su faɗa shi ne ƙofar rumbun ƙarama ce. Kitse yana cin iskar oksijin fiye da sukari kafin ya ba da ƙarfi daidai da nasa, bambancin ya haura kashi 5 cikin ɗari. Mai tafiyar hankali ba zai ji wannan ba. Wanda ke hawan tudu a kan keke cikin zafin Kona, numfashinsa ya kai maƙura, shi zai biya bashin da ƙafafunsa.

Binciken da suke tinƙaho da shi ma bai ce abin da suke cewa ba. Na Stephen Phinney na 1983 kan matuƙa keke biyar kacal aka yi shi, kuma sakamakonsu ya sha bamban: wani ya ƙaru sosai, wasu sun ja baya. Na Jeff Volek na 2016 ya nuna masu ƙaurace wa sitaci suna ƙona kitse fiye da ninki biyu, amma bai auna wanda ya fi sauri ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Da Louise Burke ta Ostareliya ta gwada abin a kan gwanayen tseren tafiyar sauri, a binciken da ta wallafa a 2017, sai ƙona kitsensu ya ƙaru ƙwarai cikin mako uku, amma lokacinsu a kilomita 10 bai gyaru ba, alhali na masu cin sitaci ya gyaru. Aka maimaita, aka wallafa a 2020, sakamakon bai sauya ba. A cikin waɗannan 'yan wasa kuma aka ga alamun tawayar ginuwar ƙashi.

Za a kawo misalin Dan Plews, wanda ya kafa tarihi a rukunin waɗanda ba ƙwararru ba a Kona a 2018 yana kan wannan tsari. Gaskiya ne, amma shi ma ya sha sukari a ranar gasa. Manyan ƙwararrun yau kuwa gram 90 zuwa 120 suke sha a kowace awa. 'Yan gudun Kenya, da aka auna cimarsu a wani binciken da aka wallafa a 2004, kusan kashi 76 cikin ɗari na ƙarfinsu daga sitaci da sukari yake, musamman ugali, ɗan'uwan tuwon masara.

Rage sitaci yana da muhallinsa, kamar wajen mai ciwon sukari da likita ke kula da shi. Laifin yana kan masu sayar da shi a matsayin sirrin nasara. Ƙwararre yana da masana da za su janye shi idan ya kauce. Wanda ke cutuwa shi ne ma'aikacin da ke atisaye da asuba kafin ofis, ya tara kuɗin shiga gasa, ya yi watanni cikin kasala, ana ce masa ya ƙara haƙuri jikinsa bai gama sabawa ba. Duk tsarin da idan ya ci nasara nasa ne, idan ya gaza laifin mai bi ne, ya bar fagen kimiyya. Ranar gasa agogo kaɗai ke hukunci, kuma bai taɓa tambayar kowa gram nawa na kitse ya ƙona ba.