Ƴancin Ƙin Zubi da Haƙƙin Kwasa

Kalmar ƴanci tushenta ɗaya da ɗa da ɗiya, wato wanda ba bawa ba, mai ikon kansa. A kan wannan ma'ana ce Amurkawa da yawa suka kafa hujjarsu sa'ad da suka ƙi dokar kiwon lafiya da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a watan Maris na 2010. Dokar ta wajabta wa mafi yawan jama'a mallakar inshorar lafiya, wanda ya ƙi kuwa ya biya tara. Masu adawa suka ce gwamnati ba ta da hurumin tilasta wa baligi mai hankali sayen abin da bai so. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 2012 alƙalai biyar cikin tara suka tabbatar da dokar, bisa cewa tarar nau'in haraji ce. A 2017 majalisa ta mayar da tarar sifiri, daga 2019 aka daina karɓarta.

Hujjar masu adawa tana da nauyi, domin mulkin da ya saba cusa hannu a aljihun mutane ba ya cika sanin inda zai tsaya. Sai dai akwai abin da ta tsallake. Tun 1986 wata doka ta Amurka ta hana yawancin asibitoci korar wanda aka kawo cikin halin gaggawa don ba shi da kuɗi. Saboda haka matashin da ya ƙi inshora yana taƙama da ƙarfin jikinsa, ranar da mota ta buge shi ba za a bar shi a bakin ƙofa ba. Za a yi masa aiki, idan ya kasa biya nauyin ya koma kan asibiti, asibiti kuma ya ɗora wa masu biya.

Inshora kamar adashe take: kowa ya zuba, mai buƙata ya kwasa. Dokar 2010 ta hana kamfanonin inshora ƙin mutum saboda tsohuwar cutarsa. To, idan masu lafiya suka ce sai ciwo ya kama su za su shiga, asusun zai cika da majiyyata, kuɗin zubi ya hau, talaka ya fice. Wanda ya ƙi zubi alhali yana da tabbacin kwasa, ƴancin da yake kira nasa da gumin maƙwabcinsa aka saye shi.

Akwai hanyar da ta fi tara sauƙin haɗiya, wato a tara kuɗin ta haraji. Gana ta bi ta. Bayan shekarun da majiyyaci ba ya ganin magani sai ya ajiye kuɗi a hannu, gwamnatin John Kufuor ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, ta jingina ta da ƙarin harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayan saye. Amma nan ma darasi ya fito: jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sha sa mai kati ya je ya sayi magani da kuɗin aljihunsa. Gwamnatin da ta karɓi zubi ta kasa fitar da kwasa ta ci amana, ta kuma ba masu adawa gaskiya.

Ke nan wajibcin yana kan ɓangarori biyu. Ɗan ƙasa ya zuba gwargwadon ƙarfinsa, gwamnati ta biya wa wanda ba shi da hali, ta kuma bayyana inda kowane kwabo ya shiga. Abin da ya kamata a bar wa mutum shi ne zaɓen likitansa da ikon karɓa ko ƙin maganin da za a sa a jikinsa. Matar da naƙuda ta tsananta mata, mijinta yana zagayen neman rance kafin a taɓa ta, ba a tauye mata wani ƴanci a takarda ba, amma a wannan daren ba ta da ikon kanta.