Ra'ayinmu: Dogon Turanci

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana yaye ma'aikatan da za su riƙe ofisoshin wannan yanki. Don haka ba ma iya yin shiru game da ɗabi'ar wasu ɗalibai ta haddace manyan kalmomin Turanci daf da jarrabawa, su watsa su cikin takarda da fatan malami zai ruɗe. Malami ba ya ruɗewa. Abin da ke damunmu shi ne ranar da mai haddar zai zauna a ofishin ƙaramar hukuma a Kurfi, takardar umarni ta iso daga Katsina.

A duba kalmar sanction. Tana nufin amincewa, tana kuma nufin hukunci, jimlar da ta faɗa ciki ce kaɗai ke rarrabewa. Haka oversight: wani wuri sa ido ne, wani wuri sakaci. Akawun da ya riƙe ma'ana guda zai iya hana abin da aka ba da izininsa, kuma manomin da ke jiran taki shi zai ɗanɗana kuɗarsa.

Kamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman ya fito tun 1990, ba rashin abin dubawa ba ne. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya zama kowane mako, a ɗauko takardar gwamnati ko sharhin jarida, kowa ya juya sakin layi ɗaya zuwa Hausa, saura su gyara masa.