Waƙar Ranar Juma'a

Ban taɓa haddace jadawalin ninkawa ba sai da malamarmu ta aji uku ta sa masa kari, muna tafi, wani yaro yana buga tebur. Yau jikata tana makarantar da aka cire darasin kiɗa, wai ɓata lokaci ne. Ɓata lokaci? A Venezuela, José Antonio Abreu ya kafa shirin koyar da kiɗa na El Sistema a 1975, ya danƙa wa 'ya'yan talakawa kayan kiɗa. Daga wannan shiri aka samu shahararren jagoran makaɗa Gustavo Dudamel. Mu da muka haifi Mamman Shata da Ɗan Maraya, kalangu ɗaya ma ya gagare mu saya. Jikata kuwa, a wayar uwarta take koyon waƙa, ita kaɗai a ƙuryar ɗaki.